Mako Bakwai Ina Wanke Ƙafar Baba

Salansar babur ce ta ƙone Baba a ƙwaurin dama, wata ranar Talata da yamma, yana dawowa daga shagonsa na ɗinki da ke Kwararafa. Ɗan acaɓan ya taka birki a kan gangara, Baba ya sauke ƙafa ba shiri, ƙwaurin ya manne da ƙarfen mai zafi. Da ya shigo gida bai ma faɗa wa kowa ba. Sai da ya naɗe wando zai yi alwalar magariba na hango wurin, fatar ta saluɓe, faɗinta bai wuce tafin hannun jariri ba. Na tambaye shi ko yana masa zafi, ya ce ko kaɗan. Na yi hamdala a raina. Ban san cewa rashin zafin ma wani ciwon ne ba.

Wannan ya faru ne a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun talaka. Ina da shekara ashirin da biyar, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare kusa da gidanmu a unguwar Dutse Uku, cikin garin Jos. Innarmu ta rasu shekara huɗu kafin nan. Yayyena maza biyu duk suna nesa, ɗaya a Kano, ɗaya yana tuƙin babbar mota zuwa kudu. Mu uku ne a gidan: ni da Baba da Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta, idanunta kuma sun fara yin yana. Don haka babu wanda ya tsaya tambayar wa zai kula da ciwon.

Washegari na biya ta kemis na sayo auduga da bandeji da sifirit da wani farin ruwa a kwalba da ake kira haidirojin. Idan aka zuba shi a kan ciwo sai ya yi ta kumfa yana ƙara ƙasa-ƙasa kamar an jefa albasa a mai. Wannan kumfar ta burge ni ƙwarai. A ganina datti ne yake mutuwa a gaban idona. Safe da yamma nake zaunar da Baba a kujerar tsakar gida, in ɗora ƙafarsa a kan turmin da aka kife, in zuba haidirojin, in bi da sifirit, in rufe da busasshen bandeji, in ɗaure tam.

Kowace safiya bandejin yakan manne da ciwon. Nakan kama gefensa in fizge, jini ya ɗan tsattsafo. A bakin ciwon, zagaye da shi, nakan tarar da wata siririyar yana, fara-fara mai ɗan sheƙi, kamar wadda ke hawa kan madara idan ta huce. Na ɗauka mugunya ce take taruwa. Sai in naɗe auduga a yatsa in goge ta tas, har sai wurin ya yi jawur. Idan na gama nakan ja da baya in duba aikina, in ji daɗi.

Gwaggo ta ce a bar wannan ruwan mai kumfa a shafa zuma, haka suka ga iyayensu na yi. Na ce mata zamanin nan ya wuce. Na faɗa da muryar da nake yi wa 'yan ajina magana, har yau ina jin muryar a kunnena. Ba ta sake ɗaga maganar ba. Shi kuwa Baba dariya ya yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba.

"Ƙyale ta, Yaya," in ji shi. "Uwata ta zama likita."

Da farko yana zuwa shago, yana taka keken ɗinki da ƙafar hagu kaɗai. A mako na huɗu ya fara dawowa tun azahar, a na biyar ya daina fita. Damina ce, irin ta Jos, ruwa ba ya jin kiran kowa, sanyi yana ratsa bargo. Ciwon bai ragu ba. Ya ƙara faɗi, ya yi zurfi, tsakiyarsa ta koma rawaya-rawaya, bakinsa ya yi kauri ya naɗe ciki kamar bakin tulu. Ya fara wari. Ni kuma abin da na fahimta shi ne ban wanke sosai ba, sai na mayar da wankin sau uku a rana. Nakan ruga gida lokacin tara in wanke in koma makaranta.

A mako na bakwai wata mata ta yi sallama a ƙofar gidanmu. Na san ta sama-sama. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, 'yar asalin tsaunukan nan, Kirista, tana zaune a unguwar Congo-Russia. Shekara kusan ashirin Baba ke ɗinka mata kaya, har da anko na matan zumuntar cocinsu. Ta je shago sau biyu ta tarar a kulle, maƙwabcin shagon ya kwatanta mata gidan. A shekarun nan, bayan rikicin addinin da garin ya gani, mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya shiga unguwar da ba tasa ba. Ita dai ta ɗaura ɗankwalinta ta rataya jaka ta zo. Mama muke ce mata, ita kuma tana ce wa Baba Oga Tela.

Tun kafin ta zauna ta ce wari ya gaya mata rabin labarin. Ta kwance bandejin da kanta, ta daɗe tana kallon ciwon. Ta danna yatsun ƙafar ɗaya bayan ɗaya tana tambayar Baba ko yana ji, yana cewa a'a. Sannan ta juyo ta ce in nuna mata yadda nake wankewa. Na ɗauko kayana da ƙarfin gwiwa, don na tabbata yabo zan sha. Na zuba haidirojin ya yi kumfarsa. Na naɗe auduga na nufi wani ɗan gefe ta ƙasa, inda yanar nan ta sake fitowa tun safe.

Ta riƙe mini wuyan hannu. Hannunta da ƙarfi kamar na mai daka.

"Tsaya, yarinya," ta ce da irin Hausarta. "Wannan abin da kina gogewa, shi ne sabon fata."

Ban gane ba da farko. Ta sake faɗa a hankali. Ta tambaye ni tun yaushe nake yin haka, na ce tun ranar farko. Ta ce kullum? Na ce kullum. Ta saki hannuna.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a kan tabarma ta bayyana mana, ni da Baba da Gwaggo, kamar mai ba da labarin wata unguwa da ta sani. Ta ce fata ba daga sama take saukowa ta rufe ciwo ba, daga gefe take tahowa. Fatar mutum tarin wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ce da ido ba ya gani, kowace riƙe da 'yar'uwarta. Idan aka ji ciwo, waɗanda ke bakin ramin sai su saki juna, su baje, su fara rarrafe zuwa tsakiya, na baya suna haihuwar wasu suna biyo su. Amma ba sa tafiya a kan iska. Sai jiki ya fara shimfiɗa musu wani abu a ƙasan ciwon, wasu siraran zaruruwa na furotin. Na farko daga jinin da ya daskare suke fitowa, daga baya jiki ya saƙa masu ƙwari a madadinsu. Waɗannan zaruruwan ƙwayoyin ke kamawa su ja jikinsu gaba, su ne kuma ke nuna musu inda za su dosa. Shimfiɗar tana son danshi. Idan ta bushe tafiya ta yi wuya, idan aka ƙone ta da magani mai zafi babu abin kamawa.

Ta nuna kwalbar haidirojin da haɓa, ta ce wannan ba ya bambance ƙwayar cuta da ƙwayar fata, duk wanda ya samu kashewa yake. Busasshen bandeji kuma idan aka fizge shi, da shimfiɗar da masu tafiyar yake tashi. Ta ce abin da jiki ya yi wuni da kwana yana yi, ni nake share shi cikin minti biyu. Da ƙwayoyin fatar suka yi ta zuwa ba su sami hanya ba, sai na bakin suka lanƙwashe ciki suka haɗu da 'yan'uwansu ta ƙasa, suka ɗauka aiki ya ƙare. Shi ne wannan kaurin da ya zagaye ciwon.

Gwaggo ta tambaya a hankali ko zuma da ta yi illa. Mama ta ce zuma mai kyau da ta fi wannan sau goma. Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta tashi ta shiga kicin ta fara hura wutar da ba a bukata.

Mama ta ce akwai abin da ya fi wannan damun ta, wato ƙafar da ba ta jin zafi. Washegari ta raka mu asibiti. Aka ɗebi jinin Baba, aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa ba a sani ba. Sai a lokacin muka tuna yawan shan ruwansa, da yadda yake ta ramewa muna cewa tsufa ne. Likitan, wani mai sanyin magana, ya ƙara mana bayani a kan na Mama. Ya ce suga idan ya yi yawa yakan manne wa zaruruwan nan, su yi tauri, ƙwayoyin fata su kasa kama su yadda ya kamata, jini kuma ba ya isa ƙafa sosai. Ya ce ciwon da ya daɗe a buɗe yakan tara wani ruwa mai cinye shimfiɗar tun kafin a gama saƙa ta. Na so in tambaye shi wanne ya fi laifi, sugan ko ni. 

A ranar suka yanke kaurin bakin ciwon, suka kankare mataccen naman da ke tsakiya har jini ja ya fito. Ciwon ya fita daga ɗakin ya fi yadda ya shiga girma. Likitan ya ce haka ake so, an mayar da shi sabo ne don jiki ya sake farawa. Baba yana kwance yana kallon silin, ya tambaye su me zai hana su kama bakin biyu su ɗinke kawai, shi da ya ga ana ɗinke mutane. Mama ta yi dariya.

"Oga Tela, yadi bai kai ba. Sai jiki ya saƙa nasa."

Wannan amsar ta yi wa Baba daɗi. Ya yi ta maimaita ta ga masu zuwa dubiya.

Daga nan komai ya canza. Ruwan gishiri na asibiti kawai ake zubawa, ba a gogewa. A ɗora bandeji mai maiƙo wanda ba ya mannewa, a rufe, a bar shi kwana biyu. Na sha wuya kafin hannuna ya saba da rashin yin komai. Mama takan zo Litinin da Alhamis da hantsi, ba ta taɓa karɓar ko ruwan shayi ba sai Gwaggo ta yi rantsuwa. Ita ta koya mini kallon ciwo. Ta nuna mini jan nama mai gudaji-gudaji da ya fara cika ramin, ta ce wannan ce shimfiɗar, kada in taɓa. Bayan mako uku ta kira ni ta ce in sunkuyo. A gefen sama, yanar nan ta dawo, siririya kamar bakin farce. Na san ta sarai. Na tashi na shiga bayi na rufe ƙofa na yi kuka, na wanke fuska na fito.

Mama takan ɗora farar leda a kan ciwon ta zana iyakarsa da biro, bayan mako biyu ta sake zanawa mu gwada. Bambancin wani lokaci bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Baba ya sa aka ɗauko masa tef ɗin awonsa daga shago, shi ma yana aunawa, yana musu da ita a kan rabin layi. Ya daina shan shayi da suga, ya rage tuwo, yana cin acca da ganye yana ƙorafi. Waɗannan watannin, duk da halin da ake ciki, su ne mafi daɗewar zaman da na taɓa yi da mahaifina. A da fita yake tun safe sai magariba. Yanzu na ji labarin kakanmu da ya zo haƙar kuza, da yadda Baba ya gudu daga wankin kuza ya koyi ɗinki a wurin wani Bayarabe, da ranar da ya fara ganin Innarmu ta kawo ɗinkin sallah ta raina aikinsa.

Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum ina shirya maganar, kullum tana maƙalewa. Wata rana bayan la'asar, ina naɗe masa bandeji, kaina a sunkuye, sai ya ce:

"Uwata, kin daina kallona tun ranar da matar nan ta zo."

Na ce ba haka ba ne.

"Haka ne. To ki ji. Ni na ga hannun da ya wanke ni sau uku a rana. Abin da ke cikin kwalba ban san shi ba, ke ma ba ki san shi ba."

Na ce da na saurari Gwaggo. Ya ce shi ma ai bai saurare ta ba, shekara sittin ke nan ba ya sauraron ta. Gwaggo daga ɗaki ta ce ta ji. Muka yi dariya mu uku, ni tawa da hawaye. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Zuwa wata na biyar ciwon ya ragu da fiye da rabi. Sabuwar fatar ba ta da launin tsohuwar, ja-ja ce mai laushi, amma fata ce. Har mun fara maganar ranar da zai koma shago. Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, duka biyun, daga baya fuskarsa ma. Aka koma asibiti aka ce ƙoda ce, sugan ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Kumburin ya sa ciwon ya riƙa zubar da ruwa, bandeji ya jiƙe cikin awa kaɗan. Mama ta zana leda sau biyu a jere, layin bai motsa ba. A karo na uku ya koma baya. Ta ninke ledar ta sa a jakarta ba ta nuna wa Baba ba, shi ma bai tambaya ba. Tef ɗin awon yana rataye a jikin kujera, ba wanda ya taɓa shi.

Na ga sabuwar fatar da muka yi wata da watanni muna jira ta yi fari ta jiƙe ta fara saɓulewa. Wannan karon babu wanda ya goge ta. Zazzaɓi ya shigo, aka kwantar da shi. Likitoci suka yi maganar yanke ƙafar, sannan suka ce jikinsa ba zai ɗauki aikin ba. Yayyena suka zo. Baba ya yi kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti, yawanci yana barci. Ranar da ya ɗan farfaɗo ya ce a mayar wa mutane yadukansu da ke shago, ya faɗi na wane da na wane, bai manta ko ɗaya ba. Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, ina riƙe da kofin ruwan da ya ce in ba shi.

Mama ta zo gaisuwa ranar uku. Ta zauna cikin mata a tsakar gida, ta yi shiru lokacin da ake addu'a, ta shafa tare da kowa. Mutane sun yi yawa, ban samu na yi mata magana ba.

Sai can bayan arba'in, da wata daminar ta kama, na je gidanta a Congo-Russia, karo na farko da na taka unguwar cikin shekara uku. Na same ta a bayan gida tana tsince tumatir a 'yar gonarta. Ta ba ni kujera ta ci gaba da aikinta. Muka gaisa, muka yi maganar Gwaggo da ruwan sama. Sannan na yi mata tambayar da ta kawo ni. Na ce da a ce ban yi mako bakwai ina goge ciwon nan ba, da ya warke kafin ƙodar ta tashi?

Ta ajiye kwanon ta goge hannu a zaninta. Ta ce ƙodar ba ni na lalata ta ba, wannan ta tabbata, ta riga ta yi nisa tun kafin babur ya taɓa shi. Na ce ba ƙodar nake tambaya ba.

"Ciwon kam, wataƙila da ya rufe," in ji ta. "Wataƙila kuma da bai rufe ba. Na ga masu suga da an yi musu komai daidai, bai rufe ba. Ban sani ba, yarinya. In na ce miki na sani, ƙarya ne."

 Na zo ne ina fatan ta wanke ni ko ta ɗaure ni, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce lokacin da ta fara aiki su ma haka aka koya musu, a zuba mai kumfa a bar ciwo ya bushe, ta yi shekaru tana yin haka ga mutanen da ba ta ma tuna fuskokinsu. Ta faɗi wannan ba don ta lallashe ni ba, don kuwa ba ni take kallo ba lokacin da take faɗa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ta zuba mini tumatir a leda ta ce in kai wa Gwaggo, ta ɗauko lema ta rako ni har bakin titi. Muka tsaya tare muna jiran mota, don na ce mata ba zan hau babur ba. Motar farko ta zo a cike, ta biyu ma haka. Ta uku ta tsaya ruwa ya riga ya sauko, na shiga na matsa ciki, ita kuma ta juya ta koma da sauri saboda ta bar shanya a waje.